Bijimin da Na Zana Sau Biyar

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta, ku danna nan ku danna can, zaki ya fito da gezarsa da haƙoransa, ku manna a bayan mota ku ce kun yi zane, ba na ganin laifinku. Zamaninku ne. Amma kwanakin baya wani daga cikinku ya ɗauki tsohon littafina yana buɗawa yana murmushi, ya ce ai wannan ko yau aka ba shi fensir zai yi. Na miƙa masa fensir, na nuna masa akuyar da ke ɗaure a ƙofar shago. Abin da ya zana, da akuyar ta gani da ta kai ƙara. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda aka yi littafin, da ranar da saura ƙiris ya ƙone a gabana.

Ni Garba sunana, haifaffen Gusau. Sana'ar fenti na koye ta ne a Sabon Gari wajen wani Bayarabe Kirista mai suna Dauda, amma duk gari Baba Fenta ake ce masa. Shi ke rubuta allunan kantuna, shi ke yi wa manyan motocin katako ado, waɗanda ke kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka su kawo tashar jirgi. Shekarar farko ban taɓa jikin mota ba. Wankin buroshi da kananzir, goge katako, dama fenti, sai share shago. Da na yi ƙorafi, sai ya sa aka yanko takardar buhun siminti, aka daidaita, baduku ya ɗinke ya sa mata bangon fata. Ya ɗora mini a hannu.

"Garba, duk inda ƙafa ya kai ka, littafi ya je," in ji shi. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma ba ta taɓa ɓata ma'ana ba. "Abin da ido ya gani, hannu ya zana. Ba gobe ba, nan take."

Da farko na ɗauka wata dabara ce ta raba ni da surutu. Sai daga baya na gane. Mai mota ba ya son hoton da ba a sani ba. Yana son a hango motarsa tun daga nesa a ce ga ta wane. Wani kukar ƙofar garinsu yake so, wani dokinsa, wani shamuwa a kan rimi. In ba ka taɓa tsayawa ka kalli shamuwa ba, ranar da aka ce ka zana ta agwagwa za ka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka duk motar da muka gama, in za ta fita sai in ɗare baya, in bi ta Tsafe ko Bunguɗu, in sauka inda ta tsaya in zauna in yi ta zane har ta juyo. A ƙasan kowane hoto ina sa sunan wurin da ajami, da launin abin, don kada in manta.

Launin littafi ba fentin mota ba ne, wannan tsada gare shi. Namu na ƙasa ne. Shuni daga marina, ja daga karan dafi, rawaya daga saiwar tsiron rawaya, fari kuwa farar ƙasa. Kowanne a niƙa shi lilis, a dama da ruwan ƙaro don ya kama takarda. In ƙaro ya yi yawa hoton ya tsattsage, in ya yi kaɗan ka shafa hannu ya biyo ka. Ga kyankyaso, shi kuma ƙaron yake so, ya taɓa cinye mini rabin raƙumi a dare ɗaya. Buroshin gashin wutsiyar akuya ne a cusa cikin bututun gashin tsuntsuwar nan dinya a ɗaure da zare. Gawayi kuwa na ƙananan rassan itacen geza, a gwangwani ake gasa su. Duka ina zuba su a gafaka, in rataya.

Aikin farko da littafin ya ciyar da mu na wani direba ne ɗan Kwatarkwashi, wanda ya ce dutsen garinsu yake so a ƙyauren bayan motarsa. Baba Fenta ya zana masa dutse mai tsini irin na kalanda. Mutumin ya duba ya ce wannan ba nasu ba ne, nasu ba shi da tsini, a zaune yake da faɗinsa. Na buɗe littafi na nuna masa wanda na yi daga bakin hanya, da tsagar da ke gefensa, da mikiya biyu a sama. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ga gida nan!" Ranar Baba Fenta ya fara ba ni buroshin mota.

Haka muka yi ta yi har shekarar da ruwa ya ɗauke tun gyaɗa ba ta ƙosa ba. Gusau a lokacin gyaɗa ce numfashinta. Ba gyaɗa, ba lodi. Ba lodi, wa zai yi wa mota kwalliya? Motoci suka yi layi a tasha, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Muka yi wata da watanni ko allon mai shayi ba mu rubuta ba. Wata safiya na zo shago na tarar Baba Fenta ya sauke agogon bangonsa ya naɗe shi a zane, ga akwatin ƙarfe a buɗe. Ya ce matarsa ta matsa su koma gida, in wata ya mutu ba aiki, jirgi za su bi. Ban gama koyo ba, ba wani mai wannan sana'a a garin, kuma ni ban iya komai ba bayan ita.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Bawa na Tsafe. Tsohon dillalin shanu ne, ya sayi mota kafintoci sun yi mata sabon bodi, zai riƙa kai fatu da ƙiraga yana dawowa da hatsi. Ya ce jan bijimi yake so a baya, cikakke, wanda za a gani a san mai motar ya san shanu. In ya yi masa, akwai abokansa biyu da ke jiran su gani.

Baba Fenta bai yi barcin kirki ba, ya fitar da samfur a takarda. Daga jikin gwangwanin madara ya kwaikwayo. Alhaji ya karɓa, ya miƙar da hannu nesa, ya karkata kai.

"Fenta, mi ne ne wanga?"

"Sa ne, Alhaji."

"Sa? Ina tozo? Ina lebe? Wanga ƙahon ko na ɗan akuya ya hi shi. In nis sa wanga ga motata, dillalan Tsahe dariya za su yi mani har in mutu. Ka yi mani rahaji na gaske, in ba ka iyawa in kai Funtuwa."

Rahaji su ne jajayen shanun nan masu dogon ƙaho. Na bincike littafina kaf, akwai jakuna, akwai raƙuma, akwai shanun noma, babu rahaji ko ɗaya. Wani mahauci ya ce mana akwai rugar wani Ardo Buba a bayan Nahuce, yana da jan bijimin da babu irinsa a ƙasar. Baba Fenta ya ba ni aron kekensa. Da ya ga rigata ta mutu a kafaɗa, ya ƙara mini da tsohuwar kwat ɗinsa ta kaki. Na rataya gafaka, na soke fensir a bayan kunne, na hau. Ku duba mini wannan shiga da kyau: keke, kaki, gafaka, fensir. Bayan wucewar damina, lokacin da ba a daɗe da gama karɓar jangali ba, wato harajin da ake ƙirga shanu kai-kai a biya. Da wani mai hankali ya gan ni da ya tsayar da ni. Ni kuwa ina ta taka keke ina jin kaina.

Na isa da hantsi, ba a kai ga sakin shanu ba, ana ƙarasa tatsa. Tun daga nesa na hango bijimin. Wallahi har yau ban ga na biyunsa ba. Ja wur kamar an shafa masa manja, tozo ya kwanta gefe don nauyi, ƙaho ya tashi ya buɗe ya sake lanƙwasowa. Kunnensa na hagu a tsage. Abin da ya kamata in yi shi ne in jingine keke, in yi sallama, in gaida manya, in faɗi abin da ya kawo ni. Amma maganar Baba Fenta ce ke kunnena, nan take, ba gobe ba. Na ce kafin in gama gaisuwar Fulani an kora shi daji. Sai na durƙusa bayan wata sabara na buɗe littafi.

Dabba ba ta tsaya maka. Ka fara ta gefe, ta juya. Sai ka bar wannan ka soma wani kusa da shi. Haka ake yi. Na yi shi a tsaye ta gefe, na yi shi ya sunkuyar da kai, na yi shi ta gaba yana kallona, na yi shi ta baya, na yi shi yana sosa wuya a kututture. Duk a shafi ɗaya. Ina cikin shafa ja a na biyar sai na ga inuwa ta rufe takardar. Na ɗaga kai, samari uku, kowa da sanda a wuya.

Ba su doke ni ba, amma ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai ba har gaban Ardo. Dattijo ne dogo siriri, yana zaune a buzu kusa da wutar da ake hura wa shanu don ƙuda, tana ta hayaƙi. Aka miƙa masa littafin. Ya dube ni daga kaki har fensir.

"Malam, ba mun biya ba? Wata bai yi biyu ba da munka biya."

"Baba, ni ba malamin jangali ba na. Mai zane na, daga Gusau."

"Awo. Mai zane." Ya buɗe shafin, ya sa yatsa yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Sai ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Bijimi guda gare ni irin wanga, duk ƙasag ga an sani. Kai ka laɓe bayan sabara ka aza mani biyar. To in kak kai ga shanu mata, ɗari nawa za ka aza?"

Na rantse, na maimaita, na ce guda ne na zana sau biyar. Wani daga cikin samarin ya ce in guda ne, me ya sa ga su nan biyar suna tsaye tare? Sai na yi dabarar da ta ƙara dulmuyar da ni, na ce su buɗe sauran shafukan su ga ni ba ruwana da shanu. Suka buɗe. Ga tumakin kasuwar Tsafe, ga jakunan 'Yankuzo, ga rumbunan Kekun Waje a jere.

"Kun gani?" in ji Ardo. "Har rumbunan mutane ya ƙidaya."

Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A shekarar da ciyawa ta ƙone, nono ya ja baya, a ce za a ninka maka jangali, ai garken ne zai tafi. Ardo ya rufe littafin, ya ce ni in hau kekena in tafi lafiya, ba mai taɓa ni, amma wannan wuta za ta ci shi. Ya miƙa wa babban ɗansa. Yaron ya sa sanda ya tone tokar, jan garwashi ya bayyana.

Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Tafiyata ta shekaru tana ciki, ga aikin Alhaji Bawa, ga akwatin Baba Fenta a buɗe yana jira. Na durƙusa ina roƙo.

"Mi aka ƙonawa da ba a nuna mani ba?"

Wata tsohuwa ce ta fito daga bukka, 'yar ƙarama, ta dogara sanda, hannunta duk danshin nono. Mahaifiyar Ardo ce, Inna Daso. Jikan nata ya tsaya cak. Ta goge hannu a zane, ta karɓi littafin, aka buɗe mata shafin. Ta kai shi dab da hanci, ta matsar, ta juya shi ta fuskar rana. Ta daɗe.

Sai ta fashe da dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari.

"Buba, zo nan. Duba kunnen wanga. Tsage. Na wanga hwa? Tsage. Wanga? Duk kunnen hagu, duk wuri guda. Kura guda ta kama shi yana ɗan maraƙi, ni niw wanke mishi da ruwan bagaruwa. Ko kura biyar ta zaka ta tsaga kunne biyar iri guda? Duba ƙahon dama, ga 'yar karkatar da yag gado ga uwatai, ga ta nan ko'ina. Shi ɗai na. Ka tsuhwa ba ka gane sanka ba?"

Ardo ya sunkuya yana dubawa. Samarin suka kewaye. Ɗaya ya ce, "Wallahi shi na, ga yadda yaka sosa wuya." Wani ya kwashe da dariya, ya ce ta baya ma ya fi kama.

Inna Daso ta nuna ni da haɓa. "Malaman jangali nawa nig gani tun ina yarinya? Ba wanda yat taɓa duban kunnen sa. Ƙafa suka ƙidaya su wuce. Wanga Kaɗo ya zauna ya kalle shi kamar mai son saye. Ku ba shi abinai, ku ba shi nono ya sha, leɓenai ya bushe."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa shan kindirmo mai daɗin na ranar ba.

Amma Ardo bai gama ba. Ya bar ni na shanye, sannan ya zaro wuƙa daga kube.

"Na yarda, yaro, guda na. Ka yi haƙuri da abin da anka yi ma. Amma biyar ɗin ga ba su shiga birni. In wani malami yag gani, shi ba shi da Inna kusa da ta nuna mishi kunne."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ne na zo ba sallama. Ya bi gindin shafin da wuƙa a hankali ya cire shi, ya miƙo mini littafin da hannu biyu. Tsohuwar ta karɓe takardar, ta ce ita za ta ajiye cikin ƙoranta. Na ce ko zan sake zana guda ɗaya tak? Aka waiwaya, an riga an saki shanu, sai ƙurarsu can.

Na dawo Gusau da la'asar, rabin raina farin ciki, rabi baƙin ciki. Littafi ya tsira, abin da na je nema ya zauna a ruga. Na tarar da Baba Fenta zaune kan akwatinsa. Na kwashe labari na faɗa masa, ina jiran faɗa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya share ido.

"Sau nawa ka zana shi?"

"Biyar, Baba."

"To me kana kuka? Takarda ya zauna a daji, sa yana nan." Ya kama hannuna na dama ya girgiza. "Kana tsammani na ba ka littafi don ajiya? Don hannu ya haddace ne. Je ka ɗauko alli."

Washegari na tsaya gaban ƙyauren motar da alli. Na ja layin baya, daga wuya zuwa gindin wutsiya. Sai na ji hannun yana tafiya da kansa, ya san inda tozo ya kwanta, ya san inda lebe ya sauka, ya san karkatar ƙahon dama. Baba Fenta na gefe yana haɗa mini ja da ɗan baƙi. Da na zo kunne na yi jim, na ce ko in gyara masa shi? Hannun ya ƙi. Na tsaga shi yadda yake.

Alhaji Bawa ya zo bayan fenti ya bushe. Ya tsaya nesa, ya matso, ya koma. Ya harɗe hannu a baya irin na dillalai, har yana leƙa ƙafafu.

"Wa yat tsaga mishi kunne?"

"Kura, Alhaji, tun yana ɗan maraƙi. In ba ka so sai in shahe."

"Kul! Bar shi. Wanga sa na, ya sha daji." Ya juya wajen Baba Fenta. "Jibi abokina Alhaji Isa na kawo tashi motar. Shi doki yaka so."

Doki kuwa akwai shi a littafi har uku. Da yamma na ga Baba Fenta ya kwance zanen da ya naɗe agogonsa, ya hau kujera ya mai da shi bango. Bai ce mini ya fasa tafiya ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da ya ƙara shekara goma sha wani abu a Gusau, kuma ni ya bar wa shagon.

Tun daga ranar, ko kaza zan zana sai na yi sallama da mai ita. Kwat ɗin kaki kuwa ta zama tsumman goge buroshi.

Da rani na bi motar Alhaji Bawa zuwa kasuwar Bunguɗu, da littafina kamar kullum. Ina zaune a inuwar taya ina zana wata mai tallan daddawa daga nesa, sai na ga mutum dogo ya tsaya a bayan motar, sanda a wuya. Ardo Buba ne, ya rame. Na tashi na gaishe shi, wannan karon gaisuwa mai tsawo. Na tambayi Inna, ya ce tana nan, duk baƙon da ya zo sai ta fiddo takarda ta sa shi ya ƙirga, in ya ce biyar ta yi masa dariya. Na tambayi bijimin. Ya ce sun sayar, gero suka saya da kuɗin.

Ya daɗe yana kallon ƙyauren. Ya miƙa yatsa ya taɓa tsagar kunnen. Sannan ya zaga motar, ya duba gefen dama, ya duba gaba, ya duba gefen hagu, ya dawo inda nake.

"Guda na," in ji shi. "Yanzu kay yi aikin hankali."